Mulkin Jam'iyya Ɗaya: Ma'anarsa da Ire-irensa

(Jawabin da wani ɗan'uwa, malamin lakwal, ya yi a taron jama'a a Yamai. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba.)



An ɗora mana magana a kan mulkin jam'iyya ɗaya, abin da a ke kira parti unique da Faransanci. Mu dai ƙananan malaman lakwal ne, karatunmu bai yi nisa ba, amma aikinmu ya koya mana abu guda: yaron da bai rarrabe akuya da tunkiya ba, in ka ce ya ƙidaya awakin gidansu, lissafinsa ɓaci zai yi. Sabo da haka za mu bi hanyar da mu ke bi a aji, watau ma'ana tukuna, sa'an nan rabo kashi-kashi, sa'an nan misali.

Maganar nan ta shafe mu ƙwarai, domin Nijar ta zauna ƙarƙashin jam'iyya ɗaya har sau biyu. Har yau kuwa in zancen ya taso a majalisar shayi ko a tasha, sai ka ji mutane sun rabu biyu. Waɗansu su ce jam'iyya ɗaya ita ce haɗin kai, ba wani abu ba. Waɗansu kuma duk jam'iyyar da ta ci zaɓe sau biyu a jere, sai su ce ai an koma jam'iyya ɗaya. Dukansu suna kiran abu da sunan da ba nasa ba. Wanda bai san sunan ciwonsa ba kuwa, kuɗinsa a wurin mai magani za su ƙare.

MA'ANA TUKUNA

Abin da ke fara zuwa bakin kowa shi ne a ƙidaya jam'iyyu, in an samu guda tak, shi ke nan. Wani masani Bafaranshe, Maurice Duverger, a littafin da ya fitar a 1951, da ƙidaya ya raba ƙasashe: mai jam'iyya ɗaya, mai biyu, da mai jam'iyyu da yawa. Ƙidaya tana da amfani, amma tana da ruɗi.

Ku duba ƙasar Sin. Ban da jam'iyyar Kwaminis, akwai ƙananan jam'iyyu 8 waɗanda hukuma ta san da zamansu, amma dukansu sun yarda ita ce shugaba, ba su neman karɓar mulki daga hannunta. Mai ƙidaya zai ce tara, iko kuwa yana hannun ɗaya. Ku duba kuma Tanganyika. A zaɓen 1960 jam'iyyar TANU ta Julius Nyerere ta ci kujera 70 cikin 71, alhali a wannan lokaci ba dokar da ta hana kowa kafa jam'iyya. Mai leƙa majalisa zai ce jam'iyya ɗaya ce, amma ƙuri'ar mutane ce ta kawo haka.

To, ga ma'anar da mu ke so a riƙe. Mulkin jam'iyya ɗaya shi ne mulkin da jam'iyya guda ta riƙe gwamnati, kuma ba a bar wa wata ƙungiya hanyar halal ta karɓar mulkin daga hannunta da ƙuri'a ba. Sharaɗi biyu ke nan: akwai jam'iyyar da ta riƙe gwamnati, kuma an toshe hanyar kayar da ita. In ɗaya ya rasa, sai a nema wa abin wani suna.

FILIN KOKOWA HUƊU

Tun da mu mutanen kokowa ne, bari mu kawo misali daga can.

Fili na farko, akwai ƙaton ɗan kokowa wanda shekara goma ba a kai bayansa ƙasa ba. Amma filin a buɗe ya ke, alƙali mai gaskiya ne, gobe wani yaro daga Tawa ko Maraɗi ya iya shiga ya kada shi. Wannan ita ce jam'iyya mai rinjaye. A Botsuwana jam'iyyar BDP ta yi mulki tun daga 1966, tana cin zaɓe bayan zaɓe, ƴan hamayya suna tsayawa suna faɗuwa, har a watan Oktoba 2024 suka kayar da ita, ta kuwa sauka ba faɗa. Shekara 58 tana mulki, amma Botsuwana ba ta taɓa zama ƙasa mai jam'iyya ɗaya ba.

Fili na biyu, ɗan kokowar ya bari a shigo, amma alƙali nasa ne, masu gadin ƙofa nasa ne, abokan karawar kuwa an riga an nuna musu inda za su faɗi. Wannan ita ce jam'iyya mai danniya. A ƙasar Meziko jam'iyyar da aka sani da PRI ta riƙe shugabancin ƙasa daga 1929 har 2000. Akwai waɗansu jam'iyyu, ana kuma yin zaɓe a kan kari, amma shekaru masu yawa kowa ya san wanda zai ci tun ba a jefa ƙuri'a ba.

Fili na uku, an yi shela ba mai shiga sai shi kaɗai. Ran kokowa ya fito ya zaga fili, makaɗa su yi kiɗa, a miƙa masa takobi. Wannan ita ce jam'iyya ɗaya ta ainihi. Wani masani ɗan Italiya, Giovanni Sartori, a 1976 ya rarrabe waɗannan uku sarai, ya nuna ba daidai ba ne a zuba su cikin ƙwarya guda.

Fili na huɗu, an rufe filin ɗungum, ba mai rinjaye ba mai hamayya. Wannan ƙasa ce marar jam'iyya. Haka Nijar ta kasance daga 15 ga Afrilu 1974, ranar da Seyni Kountché ya karɓi mulki ya hana jam'iyyu, har ya rasu a 1987. A watan Maris 2025 ma gwamnatin soja ta rushe dukan jam'iyyun siyasa na ƙasar. Irin wannan ba a ce masa mulkin jam'iyya ɗaya, domin sharaɗin farko bai cika ba.

Kada a ɗauka ko wace ƙasa tana shiga fili guda daidai wa daida. Ga maƙwabtanmu na Jihar Arewa a Nijeriya kafin juyin mulkin Janairu 1966. Jam'iyyar NPC ta Sardauna ce ke da gwamnati, doka kuwa ba ta hana hamayya ba. NEPU tana nan tun 1950, tana tsayawa zaɓe, har Malam Aminu Kano ya ci kujerarsa a zaɓen tarayya na 1959. Amma ƴan NEPU sun sha ɗauri a kotunan alƙalai da duka a hannun ƴan doka na En'e, sau da yawa kuma a hana su izinin yin lacca. Mu a ganinmu wannan yana tsakanin fili na farko da na biyu. Abin lura dai shi ne, kama da wane ba ta wane.

TAMBAYA HUƊU DOMIN RABA IRE-IRENTA

Yanzu mu tsaya a fili na uku. Ita kanta jam'iyya ɗaya ba iri guda ba ce. Da tambaya huɗu za a iya sa ko wace a gurbinta.

Tambaya ta farko: doka ce ta hana sauran, ko kuwa hali ne kawai? Akwai jam'iyya ɗaya bisa doka, inda aka rubuta baro-baro cikin tsarin mulki. Haka Gana ta yi a ƙarƙashin Kwame Nkrumah bayan ƙuri'ar raba gardama ta Janairu 1964, haka Tanzaniya ta yi a 1965. Akwai kuma jam'iyya ɗaya a aikace, inda takarda ta ce kowa na iya kafa jam'iyya, amma wanda ya gwada ya kwana a kaso ko ya tsallake iyaka. A Kodebuwa tsarin mulkin 1960 ya yarda da jam'iyyu, amma PDCI ta Houphouët-Boigny kaɗai ta zauna har 1990. Ƙasa guda ma tana iya bi ta duka biyu. Kenya ta zama mai jam'iyya ɗaya a aikace sa'ad da aka hana jam'iyyar KPU ta Oginga Odinga a 1969, sai a 1982 aka rubuta shi cikin doka, aka kuma soke dokar a 1991.

Tambaya ta biyu: ta wace hanya aka kai ga haka? Hanya huɗu mu ka sani. Akwai ta ƙuri'a, inda mutane da kansu suka watsar da sauran jam'iyyu, daga baya doka ta zo ta ɗaure, kamar Tanzaniya. Akwai ta haɗiya, inda ƴan hamayya suka shige cikin mai mulki, wani da son rai wani da alkawarin kujerar minista, kamar yadda KADU ta shige KANU a Kenya a 1964, da yadda PRA ta Senegal ta shige jam'iyyar Senghor a 1966. Akwai ta haramci, inda gwamnati ta rushe abokiyar hamayyarta da takarda guda. Akwai kuma ta bindiga, inda soja ya karɓi mulki tukuna, sa'an nan ya ƙera wa kansa jam'iyya, kamar Mobutu da ya yi juyin mulki a 1965 ya kafa MPR a 1967.

Tambaya ta uku: a cikin jam'iyyar, an bar wa talaka zaɓi? A nan ne bambanci ya fi taɓa mutum. A waɗansu ƙasashe shugabanni su ke rubuta jerin sunaye guda, aikin mai zaɓe ya ɗauki takarda ya jefa. A Tanzaniya kuwa, daga 1965, jam'iyya takan tsai da mutum biyu nata a mazaɓa, jama'a su ɗauki guda. A zaɓen wannan shekara har ministan kuɗi, Paul Bomani, ya faɗi. Kodebuwa ma ta soma barin ƴan PDCI su kara da juna a zaɓen depitoci daga 1980. Talaka ba shi da ikon sake jam'iyya ko shugaban ƙasa, amma yana da ikon sake depitensa, depite kuwa ya san da haka.

Tambaya ta huɗu: wa ke bisa wani, jam'iyya ko gwamnati? A Tarayyar Sobiyet jam'iyya ce bisa kome, har tsarin mulkin 1977 ya rubuta haka a aya ta 6, wadda aka gyara a watan Maris 1990. A Gine ta Seku Ture kwamitocin PDG sun kai ko wane ƙauye da unguwa, har aka riƙa kiran ƙasar da jam'iyyar abu guda. A Zayar aka ce duk ɗan ƙasa ɗan MPR ne tun daga haihuwa. A waɗansu wurare kuwa akasin haka ya faru: da aka rasa abokin karawa sai jam'iyya ta yi barci, manyanta suka koma ofisoshin gwamnati, rassanta ba su motsi sai ran tarbar baƙo da ran zaɓe.

INA NIJAR TA FAƊA?

To, bari mu ɗauki tambayoyin nan mu auna gida.

Da farko mu tuna Nijar ba da jam'iyya ɗaya ta soma ba. An kafa PPN a nan Yamai a 1946, ta zama reshen RDA. Djibo Bakary ya rabu da ita, ƙungiyarsa ta zama abin da aka sani da Sawaba. A zaɓen Maris 1957 Sawaba ta ci kujera 41 cikin 60, PPN ta samu 19, Djibo Bakary ya kafa gwamnati. Ran 28 ga Satumba 1958 aka yi ƙuri'ar i ko a'a ta Janar de Gaulle. Sawaba ta ce a'a, PPN da yawancin sarakuna suka ce i, gwamna Colombani kuwa bai ɓoye gefen da ya ke ba. I ta ci da kusan kashi 78 cikin ɗari. Gwamnatin Sawaba ta faɗi, aka sake zaɓe a watan Disamba, PPN da abokanta suka kwashe mafi yawan kujeru, Diori Hamani ya zama shugaban gwamnati. Ƴan kujerun da Sawaba ta ci kuwa aka soke zaɓensu daga baya. Ran 12 ga Oktoba 1959 gwamnati ta rushe Sawaba. Sa'ad da aka samu mulkin kai ran 3 ga Agusta 1960, jam'iyya guda ta rage a fili.

Yanzu ga awo. Doka ko hali? Tsarin mulkin 8 ga Nuwamba 1960 bai ce PPN kaɗai ce jam'iyya ba, sabo da haka wannan jam'iyya ɗaya ce a aikace. Ta wace hanya? Ta haramci, bayan an haɗiye waɗansu ƴan hamayyar. Akwai zaɓi a ciki? Babu. A 1965 da 1970 Diori Hamani shi kaɗai ya tsaya, aka ce ya samu fiye da kashi 99 cikin ɗari, depitoci 50 kuma jeri guda aka kawo su. Wa ke bisa wani? Iko yana hannun ƴan mutane kaɗan na kwamitin ƙoli, irin su Boubou Hama da Diamballa Maïga, kwamitin da kusan bai sake fuska ba daga 1956 har 1974, rassan ƙauyuka kuwa ba su da ta cewa.

Karo na biyu ya zo a zamanin Ali Saibou. Aka kafa MNSD a 1989, tsarin mulkin da aka yi wa ƙuri'a ran 24 ga Satumba na wannan shekara ya ce ita kaɗai ce jam'iyya. Ran 10 ga Disamba Ali Saibou shi kaɗai ya tsaya, depitoci 93 kuma jeri guda. Kun ga wannan bisa doka ce, kuma daga mulkin soja ta fito. Ba ta daɗe ba. Ran 9 ga Fabrairu 1990 aka harbe ɗalibai a gadar Kennedy, uku suka rasu, ƙungiyoyin ƙwadago suka tashi, a watan Nuwamba gwamnati ta yarda da jam'iyyu da yawa. Babban taron ƙasa ya zauna daga 29 ga Yuli zuwa 3 ga Nuwamba 1991.

Ga abin mamaki: wadda ba a rubuta cikin doka ba ta yi shekara 15, wadda aka rubuta kuwa ba ta cika biyu ba. Wanda ya tsaya karanta takarda kawai, bai leƙa fili ba, zai ce Nijar ta 1960 ƙasa ce mai jam'iyyu da yawa.

HUJJAR MASU SO DA NAUYINTA

Adalci ne mu faɗi hujjar waɗanda suka so jam'iyya ɗaya, domin a cikinsu akwai mutanen da suka sha wuya a hannun Nasara sabo da ƙasarsu. Sun ce ƙasa sabuwa ce, iyakokinta Turawa suka zana, in aka bar jam'iyyu ko wace kabila za ta kafa tata. Sun ce masu ilmi kaɗan ne, bai kamata rabinsu su zauna suna suka ba alhali ga aiki jibge. Nyerere ya ƙara da cewa jam'iyyun Turai daga rabuwar masu dukiya da ma'aikata suka fito, Afirka kuwa a ganinsa ba ta da wannan rabuwa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, wannan gaskiya ne. Tanzaniya kuma ta zauna lafiya, ba a taɓa kifar da gwamnatinta ba.

Amma mu duba abin da ya faru a gida. Hana Sawaba bai kawar da ƴan Sawaba ba. Da aka toshe musu akwatin zaɓe sai waɗansunsu suka ɗauki bindiga a watan Oktoba 1964, a watan Afrilu 1965 aka jefa gurneti a filin idi ana nufin Diori Hamani, aka kama mutane da yawa, waɗansu aka kashe, waɗansu suka mutu a tsare. Sa'ad da fari ya kama ƙasa daga 1968 har 1974, dabbobi suka ƙare, mutane suka bar garuruwansu, ba depiten da ke tsoron faɗuwa zaɓe in bai kai kukan mutanensa ba, domin ba ƙuri'arsu ce ta sa sunansa cikin jeri ba. Sojojin da suka zo a 1974 da yunwar nan suka kafa hujja. Haka Nkrumah ya sauka a 1966, haka Modibo Keita na Mali a 1968. Ba ko'ina abin ya ƙare da juyin mulki ba, amma inda ƙuri'a ba ta iya sauke shugaba, abin da ya rage sai mutuwa, ko bindiga, ko ya sauka don kansa, irin na ƙarshen nan kuwa kaɗan ne.

Kuma a lura, yawan jam'iyyu kaɗai ba ya buɗe fili. A 1976 dokar Senegal ta ce jam'iyyu uku za a yi, ta kuma raba musu aƙida. A 1989 Janar Babangida na Nijeriya ya ƙera jam'iyyu biyu, SDP da NRC, gwamnati ta gina musu ofisoshi, da aka yi zaɓen 12 ga Yuni 1993 kuma ya soke shi. Senegal ta buɗe filinta gaba ɗaya a 1981, amma sai a 2000 aka tabbatar, ranar da Abdou Diouf ya sha kaye a hannun Abdoulaye Wade ya kuma miƙa mulki.

ABIN DA ZA MU RIƘE

Ƴan'uwa, duk ranar da wani ya zo muku da tsari, ko ya kira shi haɗin kan ƙasa, ko ƙungiyar jama'a, ko wane suna ya ba shi, kada ku tsaya ga sunan, kada kuma ku tsaya ga ƙidaya. Ku tambaye shi: wanda bai yarda da ku ba, yana da izinin tara mutane ya faɗi haka da rana tsaka? Yana da izinin tsayawa zaɓe da sunan ƙungiyarsa? Wa zai ƙidaya ƙuri'a? In ya ci, za a ba shi? In amsar duka i ce, to, ko jam'iyya guda ta yi shekara hamsin tana ci, mai rinjaye ce, sai a dage a nemi mutane. In kuwa an rasa i a wuri guda, ku koma ga filayen nan huɗu ku ga inda ku ke, sa'an nan ku san irin gyaran da za ku nema: ko doka ce za a sake, ko alƙalin zaɓe, ko kuwa halin masu riƙe da kaso.

Malamai ƴan'uwanmu da sakatarorin unguwanni, a karanta wannan a taro, a bar mutane su yi gardama a kansa, a ji ta bakin dattawan da suka ga zamanin RDA da Sawaba da idonsu tun suna tare da mu.

Allah ya ba ƙasarmu lafiya da damina mai albarka. Wassalamu alaikum.